Lissafin magani a jarrabawar Kansul: hadda ko fahimta?

Rukayya (Aboabo)
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah duk wanda ya riga mu haye wannan kogin ya saka baki. Saura mako bakwai in zauna jarrabawar GPPQE, wato ta samun lasisin aikin famasist, wadda Pharmacy Council ta Ghana (Kansul) ke shiryawa. Sauran fannoni ina jin na kama su daidai gwargwado, lissafi ne ke hana ni barci. Shekara shida na yi a jami'ar KNUST ta Kumasi ban taɓa faɗuwa lissafi ba, amma yanzu da zarar na sa wa kaina agogo sai hannuna ya kama rawa, in riƙa yin kuskuren da ko a shekarar farko ban yi ba.

Ga wadda ta kayar da ni daren jiya. Yaro mai kilo 12, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, za a yi masa allurar atesunet ta jijiya. Kwalba ɗaya 60 mg ce. Ana tambayar mL nawa za a ja a kowace allura, da kwalba nawa za a fitar daga famasi don awa 24 na farko. Na ce 2.9 mL, kwalba biyu. Duka biyun ban samu ba. Ta ina zan fara gyara?

Nasiru (Tafo)
Wa alaikumus salam. Rukayya, tare za mu zauna, don haka ciwonki nawa ne. Ni dai hanyar da na kama ita ce hadda. Na tattara fomula talatin a takarda ɗaya, kullum bayan Asuba ina bitar su kamar yadda muke bitar allo, sannan in yi tsofaffin tambayoyi ashirin kafin in sha koko. Jarrabawa tsere ce da lokaci. Wanda ya tsaya yana tunanin daga ina fomula ta fito, lokaci zai ƙare yana kan tambaya ta biyar. In kina so in ɗauki hoton takardar in turo miki.

Mustapha (Asawase)
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ki dubi inda kika zame. Ninkawarki da rabawarki duk daidai suke. Kin ɗauki 2.4 mg a kowane kilo, kika sami 28.8 mg. Wannan awon na wanda ya kai kilo 20 ne zuwa sama. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi 3 mg a kowane kilo, saboda jikin ƙananan yara yana saurin fitar da maganin. To 12 sau 3, 36 mg ke nan. Kwalbar ana narka ta da 1 mL na bikabonet, a ƙara 5 mL na ruwan gishiri in ta jijiya ce, ya zama 60 mg cikin 6 mL, wato 10 mg a kowane mL. Amsa 3.6 mL.

Maganar kwalba kuma, allura uku ce a awa 24 na farko: nan take, bayan awa 12, bayan awa 24. In kika tara 36 sau uku za ki sami 108 mg, kalkuleta ta ce miki kwalba biyu ta isa. Amma atesunet da aka narka ba ya kwana, cikin awa ɗaya ake amfani da shi, ragowar a zubar. Kowace allura da sabuwar kwalbarta. Uku ce amsa.

Nasiru, ka nuna mini wace ce cikin fomulolinka talatin za ta gaya mata haka.

Adiza (Nima)
Ni nas ce a ɗakin yara nan Accra, ba famasist ba, amma kullum abin nan ne a hannunmu. Gaskiyar Yaya Mustapha ce, ragowar zubarwa muke yi, ko da yana yi mana ciwo. Sai dai abu ɗaya: jadawalin atesunet da ke manne a bangonmu cewa ya yi a cika zuwa mL na gaba. Yaron nan 4 mL za mu ja masa, ba 3.6 ba.

Rukayya (Aboabo)
To ga irinta nan, Anti Adiza. A takardar jarrabawa wanne zan rubuta, 3.6 ko 4?

Mustapha (Asawase)
Abin da tambayar ta nema. In ta ce a ba da amsa da lamba ɗaya bayan ɗigo, 3.6. In ta ce a cika zuwa cikakken mL, 4. In ba ta ce komai ba, ki bar 3.6 ɗinki, don shi ne lissafin. Shi ya sa nake cewa a fara karanta layin ƙarshe na tambaya kafin a karanta labarin majinyacin. A can ake ɓoye ma'aunin da ake so da yadda za a datse amsar. Kuma kada ki datse lamba a tsakiyar aiki, ki bar ta da jelarta har ƙarshe sannan ki datse sau ɗaya.

Hajiya Memuna (Sawaba)
Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba, yau dai zan yi magana, ku yi haƙuri da tsawonta.

Mu a zamaninmu shekara huɗu ake yi a fito da digirin famasi na BPharm, tun kafin a kawo PharmD ta shekara shida a 2012. Kun fi mu karatu, wannan ba gardama. Amma na horar da matasa da yawa a famasin asibiti, kuma abin da na fi gani shi ne yaro ya danna kalkuleta, duk abin da ta haifa masa ya rubuta, bai tsaya ya tambayi kansa ko wannan amsar za ta shiga jikin ɗan Adam ba.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kafin ki taɓa kalkuleta, Rukayya, ki yi kirdado da ka. Yaro kilo 12, farasitamol 15 mg a kowane kilo, na ruwa mai 120 mg cikin 5 mL. Tun kafin ki rubuta komai kin san 180 ya fi 120 amma bai kai ninkinsa ba, don haka amsar tana tsakanin 5 mL da 10 mL. In kalkuleta ta ba ki 7.5, madalla. In ta ba ki 75 ko 0.75, yatsanki ne ya zame, ki koma. Daƙiƙa biyar wannan ke ci.

Wata rana, shekaru da suka wuce, a wani asibiti da na yi aiki, wani matashi da ke ƙarƙashina ya kawo mini lissafin digoksin, maganin zuciya, na wata tsohuwa in sa hannu. Likita ya rubuta 0.125 mg, ƙwayar da ke kan kanta tana da 125 maikurogram. Ya rikice wajen juya ma'auni, ya fito da ƙwaya goma. Na ce masa, ɗana, tunda ka fara aiki ka taɓa ganin an ba mutum digoksin goma a lokaci ɗaya? Ya yi shiru, sai ga zufa. Ƙwaya ɗaya ce tak. Yaron nan yana da ƙoƙari ƙwarai, yau babban ma'aikaci ne. Abin da ya rasa a ranar shi ne tsayawa ya dubi amsar da idon mai ba da magani. Duk lokacin da lissafi ya ce ki ba da ƙwaya fiye da uku ko huɗu a sha ɗaya, ko ki fasa kwalbar allura biyar don mutum ɗaya, ko ki ɗura wa jariri 30 mL a baki, ki dakata. Wani lokaci daidai ne, kamar maganin zazzaɓin nan na atemita da lumefantirin da babba ke shan huɗu a lokaci ɗaya. Amma sai kin san dalilin.

Kuma ku gyara rubutunku tun yanzu. Kada ku rubuta .5, ku rubuta 0.5. Kada ku rubuta 5.0, ku rubuta 5, don in ɗigon ya ɓace ya zama 50. Maikurogram a rubuta shi cikakke. Abin da hannu ya saba a gida shi zai yi a ɗakin jarrabawa, shi kuma zai yi a bakin aiki ƙarfe uku na dare.

Rukayya (Aboabo)
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Wallahi ban taɓa yin kirdadon nan da gangan ba. Ina ganin lambobi sai in ruga kan kalkuleta.

Nasiru (Tafo)
Hajiya, da girmamawa, ban musa maganarki ba, da tsohuwar zuma ake magani. Amma ku kuna magana ne daga bakin aiki, mu kuwa jarrabawa ce a gabanmu. A bakin aiki in ka yi shakka za ka buɗe BNF, littafin bayanin magunguna, ko ka tambayi na gaba da kai. A ɗakin jarrabawa kai kaɗai ne da agogo. Ni na gwada, da fomula ina gama tambayar sirki cikin rabin minti. C1V1 = C2V2, wato ƙarfi sau yawa kafin sirki daidai yake da ƙarfi sau yawa bayan sirki, ka zuba lambobi, ka wuce.

Mustapha (Asawase)
To bismillah, mutumina. Ga ɗaya, rabin minti. Mai ciki ta zo da jijjiga. Za a fara mata da magnesiyam salfet 4 g ta jijiya, a ƙarfin kashi 20 cikin ɗari. Abin da ke hannunka mai kashi 50 ne. mL nawa za ka ja, kuma ruwan allura nawa za ka ƙara?

Nasiru (Tafo)
8 mL na maganin. 50 sau 8 a raba da 20, ruwa 20 mL.

Rukayya (Aboabo)
Ni 12 na samu. Kashi 20 yana nufin 20 g cikin 100 mL, to 4 g zai zauna cikin 20 mL gaba ɗaya. Maganin kansa ya riga ya ci 8, saura 12 na ruwa. Ko ni ce na sake zamewa?

Mustapha (Asawase)
Ke ce daidai. Nasiru, fomularka ba ta yi ƙarya ba, 20 ta ba ka. Amma V2 jimillar abin da ke cikin sirinji ne bayan an sirka. In ka zuba ruwa 20 a kan 8 ka sami 28 mL, ƙarfin ya sauka zuwa kusan kashi 14. Kuma masu shirya tambayoyin zaɓi, a ko'ina suke, sun san wannan ramin. Za ka tarar da 20 zaune cikin zaɓin tana jiranka, ka gan ta ka ji daɗi ka wuce.

Ga abin da ya fisshe ni lokacin da na zauna tawa. Ban rubuta lamba tsirara ko sau ɗaya ba. Kowace lamba da ma'auninta a gefe: 4 g, 500 mg a mL, 12 kg. Sai in jera su yadda ma'aunai za su kashe juna, mg na sama ya kashe mg na ƙasa, har abin da ya rage ya zama abin da aka tambaya. In ana neman mL na ga mg ya rage a hannuna, na san na kifa wani abu. Da wannan kaɗai za ka yi lissafin awo, da na sirki, da na ƙarin ruwa, ba tare da ka haddace fomula daban ga kowanne ba.

Sai abu uku da nake so su zama kamar sunanku. Kashi 1 cikin ɗari, nauyi a ruwa, 1 g ne cikin 100 mL, wato 10 mg a mL. Daga nan komai ninkawa ne: lidoken mai kashi 2, 20 mg a mL, magnesiyam mai kashi 50, 500 mg a mL. Na biyu, 1:1000 yana nufin 1 g cikin 1000 mL, wato 1 mg a mL, shi ne adirenalin da ake yi a tsoka; 1:10,000 kuma ya fi shi rauni sau goma. Na uku, daga g zuwa mg zuwa maikurogram, kowane tsani dubu ne.

Nasiru (Tafo)
Na karɓa, Yaya. Na yi gaggawa, kuma da a jarrabawa ne maki ya tafi. Amma ba zan yar da takardata ba. Ka gaya mini yadda mutum zai fito da Cockcroft-Gault, fomular auna aikin ƙoda, daga kansa in bai haddace ba. Ko ta Mosteller ta faɗin jiki, tsawo sau nauyi a raba da 3600 a ɗauki tushe. Ko 0.693 na rabin rayuwar magani, wato lokacin da rabinsa ke fita daga jiki. Waɗannan ba a kirdadonsu, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Mustapha (Asawase)
Nan kam gaskiyarka. Waɗannan sai hadda. Amma ka ƙirga su, ba za su kai goma ba. Sauran ashirin ɗin da ke takardarka abu ɗaya ne ya sauya riga.

Habiba (Asokore Mampong)
Ban so yin magana ba, amma tunda an ambaci Cockcroft-Gault bari in faɗa, ko wani zai amfana. Ni wannan ne zama na biyu. Na farko ban haye ba, kuma na san lissafi ne ya ja ni ƙasa, ba laifin kowa ba ne.

Na haddace fomular tsaf, irin wadda ake rabawa da 72. Abin da ban riƙe ba shi ne wannan sigar tana son kiriyatinin, sinadarin jini da ake auna ƙoda da shi, a mg cikin dL, alhali sakamakon da muka saba gani daga ɗakin gwaji a maikuromol cikin lita yake zuwa. Bayan na dawo gida na zauna da tambayoyin gwaji, sai na ga inda nake ta faɗawa. Misali mace mai shekara 70, kilo 60, kiriyatinin 150. In ka zuba 150 kai tsaye a mai 72 za ka sami 0.33 mL a minti. Da na yi kirdadon da Hajiya ke faɗa, da na san wannan ba amsa ba ce, mai irin wannan ƙodar ba ta zaune tana jiran a gyara mata awon magani. Hanya biyu ce: ko ka raba 150 da 88.4 ka sami 1.7 sannan ka shiga mai 72 ka ninka da 0.85 na mata, ko ka yi amfani da ɗaya sigar, 140 a cire shekaru, sau nauyi, sau 1.04 ga mace ko 1.23 ga namiji, a raba da 150 ɗin yadda yake. Duka biyun kusan 29 za su ba ka.

Nasiru, ka ci gaba da haddarka, amma kowace fomula ka rubuta ma'aunin da take ci a gefenta, ka haddace su tare. Ni rabi na haddace.

Abin da ya fi mini zafi ba faɗuwar ba ce. Mahaifiyata ta riga ta gaya wa duk 'yan layinmu cewa 'yarta ta zama dokta ta magani. Wata guda ban iya zuwa ko suna ba.

Hajiya Memuna (Sawaba)
Habiba 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika faɗi wannan a gaban mutane. Na san manyan famasist da suka zauna sau biyu, yau su ake kira in abu ya rikice. Wannan karon da izinin Allah za mu sha shagali. Ki kira ni in kin sami sarari, akwai maganar da ba ta nan ba ce.

Adiza (Nima)
Amin ya Allah. Tunda ana ta kawo ramuka, ga namu na ƙarin ruwa. Ku riƙa duba irin robar da tambaya ta ambata. Ta yau da kullum ɗigo 20 ne ke cika mL ɗaya, ta yara mai ƙananan ɗigo 60 ce. Lita ɗaya cikin awa 8, 125 mL ke nan a awa. Da mai 20, raba 125 da uku kawai, 41.7, sai a ce ɗigo 42 a minti tunda ba a raba ɗigo. Da mai 60 kuwa ba ka da aiki, adadin mL a awa shi ne adadin ɗigo a minti. Ɗaliban da ke zuwa mana sun fi mantawa da mayar da awa zuwa minti.

Alhaji Inusa (Alabar)
Salamu alaikum. Ni ba ɗan jami'a ba ne, kantin magani nake da shi da lasisin Kansul, na magungunan da ba sa bukatar takardar likita, shekara ashirin da wani abu. Jikata ce ta sa ni a nan. Ina da tambaya ga masu ilimi. Kun ce 7.5 mL. To uwar yaron da ta zo daga Aboabo ko Sawaba, ba ta san mL ba, cokali ta sani. Kuma cokalin gidan wani ba na gidan wani ba ne, wani na shayi ne ƙarami, wani na cin wake da shinkafa ne. Ana tambayarku wannan a jarrabawar? Domin a nan ne nake ganin lissafin ke lalacewa.

Mustapha (Asawase)
Baba Alhaji, barka da zuwa, tambayarka ta fi tamu nauyi. Cokalin gida ba ma'auni ba ne. Wanda ke zuwa cikin kwalin magani shi ne 5 mL, wasu kuma ɗan kofi ne mai zane. Ga 7.5 mL sai a nuna mata ɗaya da rabi, ko a ba ta sirinjin baki a ja mata layi da biro a daidai wurin. In ta tafi ba ta gane ba, duk lissafin da muka yi a banza ne.

Rukayya, ga wani ramin da maganar Baba ta tuno mini. Tambayar kwalba nawa za a ba da. Maganin ruwa 7.5 mL sau uku a rana na kwana bakwai, 157.5 mL ke nan. Kwalba 100 mL ce. Kalkuleta za ta ce 1.575. Amsa biyu, kullum sama ake cikawa, don ba a sallamar majinyaci da maganin da zai yanke masa a kwana na biyar.

Alhaji Inusa (Alabar)
Madalla. Dabarar biron nan zan fara ta gobe in Allah ya kai mu. Allah ya ba ku sa'a, yaran kirki.

Fuseini (Ayigya)
Ni ina shekara ta huɗu, tukuna ban kai ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Milimol ne ke ruɗa ni. Ana cewa ruwan gishiri 154, fotasiyam 20, ni dai haddacewa na yi ban san daga ina suka fito ba.

Habiba (Asokore Mampong)
Fuseini, sauƙi gare shi in ka bi ta hanyar Yaya Mustapha. Ruwan gishiri kashi 0.9 ne, wato 0.9 g cikin 100 mL, 9 g a lita. Nauyin mol ɗaya na gishirin 58.5 g ne. 9 a raba da 58.5 ya ba ka 0.154 mol, sau dubu, 154 milimol. Fotasiyam kulorayid mai kashi 15, kwalbar 10 mL tana ɗauke da 1.5 g, mol ɗinsa 74.5 g, ka raba ka ninka da dubu, kusan 20. Yi shi da hannunka sau uku yau da dare, ba za ka sake mantawa ba. Kuma tun yanzu ka riƙe cewa fotasiyam ɗin nan ba a taɓa tura shi jijiya kai tsaye, sai an sirka shi cikin ruwa mai yawa an bar shi yana ɗiga a hankali, in ba haka ba zuciya ke tsayawa.

Fuseini (Ayigya)
Na gode Anti. Na gwada na gishirin yanzu ya fito.

Rukayya (Aboabo)
Jama'a na gode ƙwarai, na cika shafi huɗu da abin da kuka faɗa. Saura matsalar da na fara da ita, rawar hannu. A gida ni ce babba mace, girki da yara duk a kaina, sai bayan Isha nake samun zama, in dumsor, wato ɗauke wuta, bai zo ba. Ya zan raba mako bakwai ɗin nan?

Mustapha (Asawase)
Yadda na yi nawa ke nan, ki ɗauki abin da ya dace da ke. Mako biyun farko ban sa agogo ba sam. Tambaya goma a rana, a hankali, kowane layi da ma'auninsa, kirdado a gefen takarda kafin kalkuleta. Daga mako na uku na fara sa agogo, ina rage lokacin kaɗan kaɗan. Abin da ya fi amfanar da ni shi ne wani ƙaramin littafi da na ware don kurakurai kawai. Duk tambayar da na faɗi sai in rubuta dalilin da kalma biyu uku: ban juya ma'auni ba, ban karanta ƙarshe ba, na datse da wuri, a rana aka ce ba a sha ɗaya ba. Bayan kwana goma na ga kusan duk faɗuwata iri uku ce ke maimaita kanta. Daren jarrabawa littafin nan kaɗai na duba.

Ki yi aiki da kalkuletar da za ki shiga da ita, ki bar ta waya. Kuma ki karanta takardar ƙa'idojin da Kansul ta fitar ta wannan zaman da idonki, kada ki dogara da abin da wani ya ce an yi a shekararsa, har da ni.

Hajiya Memuna (Sawaba)
Rukayya, ki gaya wa mahaifiyarki ni na ce a ɗauke miki girkin dare na mako bakwai, ƙannenki su karɓa. In da hali ki mayar da lissafin bayan Asuba, kai ya fi sauƙi a lokacin, kuma ba ruwanki da wuta. In tambaya ta tsaya miki a jarrabawa, yi mata alama ki wuce, ki dawo mata daga baya. Rawar hannu tana raguwa da zarar kin ci biyu uku masu sauƙi.

Nasiru (Tafo)
Ni fa har yanzu ina ganin mako biyu ba agogo ya yi yawa ga mai mako bakwai. Ɗaya ya isa. Amma littafin kurakurai zan buɗe yau, kuma na san abin da zan fara rubutawa a ciki. Rukayya, Habiba, me zai hana mu riƙa haɗuwa ranar Asabar? Ni daga Tafo trotro, wato motar haya, ɗaya ne zuwa tashar Kejetia, daga nan ko'ina ne.

Habiba (Asokore Mampong)
Na yarda. Bayan Azahar zuwa La'asar. Kowa ya zo da tambaya biyar da ya shirya da kansa, da ramin da ya haƙa a cikin kowace. Na lura in ka shirya tambaya da hannunka ka fi gane inda ake kama mutane.

Hajiya Memuna (Sawaba)
Ku zo gidana, akwai tebur babba a zaure, ba mai damunku. Zan tura wa Rukayya kwatance.

Mustapha (Asawase)
Asabar ɗin farko ina aikin safe, zan iso muku wajen ƙarfe uku. Kafin nan ga ta yau, kowa ya yi kirdado tukuna ya rubuta shi, sannan ya lissafa. Ana bukatar 500 mL na ruwan suga mai kashi 10. A famasi akwai mai kashi 50 da mai kashi 5 kawai. Nawa za a ɗiba daga kowanne?

Rukayya (Aboabo)
Kirdadona: 10 ta fi kusa da 5 nesa ba kusa ba, don haka yawancin ruwan daga mai 5 zai fito, mai 50 ba zai kai 100 mL ba. Lissafi: tsakanin 10 da 5 akwai 5, tsakanin 50 da 10 akwai 40, kashi ɗaya na mai ƙarfi ga kashi takwas na mai rauni, tara gaba ɗaya. 500 a raba tara, 55.6 mL na mai 50, sauran 444.4 mL na mai 5. Na sake dubawa ta baya: 27.8 g da 22.2 g, 50 g cikin 500 mL, kashi 10 daidai.

Nasiru (Tafo)
Ni ma 55.6 na samu, kuma na riga ta da kusan minti ɗaya, a rubuta wannan. Sai dai ban duba ta baya ba. Yaya, turo wata mai wuya, wadda ke da garin allura da ke cin gurbin ruwa a kwalba, nan ne ban gama zama ba.

Mustapha (Asawase)
Gobe bayan Asuba in sha Allah. Yanzu an kira ni ɗakin haihuwa.